Shekarar da Na Yanki Dawar Uwarku Ɗanya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, shi da ya san abin da ke cikin zuciya tun kafin baki ya ɓata shi. Na daɗe ina kewaye-kewaye. Na rubuta muku labarin ƙauyenmu na ƙasar Daura, na rubuta yadda aikin koyarwa ya jefo ni Minna da akwatin ƙarfe guda, har tsohon babur ɗina sai da na ba shi shafi huɗu, duk don kada in iso nan. To, yau na iso. Sa'adatu, ke ce babba, ke ce kuma kika fi riƙe abin a rai, sai ki gyara zama. Mansur, kai ka zaɓi yin shiru, amma na san shirun nan naka, ba na wanda ya gamsu ba ne. Abin da kuka sani shi ne, uwarku tana kwance a asibiti, ubanku ya tafi gona yankan dawa, har rai ya yi halinsa ba ya wurin. Haka aka yi, ban taɓa musu ba. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili, kuma ni kaina sai da na shafe wata takwas kafin na san shi daidai.

Sai na fara daga bakin uwarku. Talatu 'yar Gbagyi ce, Hausarta a kasuwa ta tsince ta. Ni kuwa malamin Hausa ne, shekara talatin da biyar ina jan kunnen 'ya'yan mutane a kan baƙaƙe masu lanƙwasa. A aji in yaro ya rubuta mini kofa a maimakon ƙofa, ranar jan biro zai sha aiki. In dawo gida kuma in tarar da matata tana cewa a rufe kofa, a kawo kwarya, yara su shiga daki. Farkon aurenmu na ɗaura ɗamarar gyara ta. Sai in zaunar da ita bayan magariba, tuwo yana hucewa a gabana.

"Ba kasa ba, ƙasa. Matse maƙogwaronki. Ƙa. Ƙa."

"Ka. Ka. To Malam, za ka ci tuwon ne ko in dauke? Makogwaro na abinci ne, ba na makaranta ba."

Da na ga ba riba sai na haƙura. Amma kunnena ya karɓi aikin da bakina ya gaji da shi. Duk abin da ta faɗa, kafin ya iso cikin kaina na riga na liƙa masa lanƙwasa a inda ta yar da ita. Ta ce na kare wanki, in ji na ƙare wanki. Ta ce kara mini ruwa, in ji ƙara mini ruwa. Tun ina sane har na daina sanin ina yi. Shekara talatin da shida muka yi a haka, kuma ina taƙama wai ba wanda ya fi ni fahimtar matar nan.

Gonarta tana Chanchaga, a gangaren rafi, gado ce daga wajen ubanta, ba wata babba ba. Mu kuwa muna zaune a Ketaren Gwari. Abu ɗaya take shukawa a ciki, dawar nan da kuke kira dawar Kaka, wadda uwarta ta ƙulla mata a tsumma ranar da aka kawo ta gidana. Tana da suna da yarensu, ta sha faɗa mini, bakina bai taɓa riƙe shi ba. Doguwa ce, in ta gama tashi sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa. Zangarniyarta a sake take, tana sunkuyo, ƙwayar fara mai ɗigon ja. Tuwonta yakan kwana biyu bai saki ba. Ga jinkiri kuma, kai! Kowa ya kai tasa gida, ita tana nan tsaye ƙiƙam. Duk shekara uwarku takan zaga gonar ita kaɗai, ta zaɓi kawuna ashirin da hannunta, ta ɗaure su, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Su ne irin baɗi. Ba ta ajiye tsohon iri. Da zarar ta ga shuka ta kama, sai ta daka ragowar ta dama mana kunu. Saboda haka duk dawar Kaka da ke duniya, a kowace shekara, ita ce wadda ke tsaye a gonar nan. Wannan ma a lokacin ban san haka yake ba, na ɗauka danginta suna da ita a ƙauye.

Ni a gonar ɗan dako ne kawai. Ina ɗaurin dami, ina neman mota. Sanin lokacin yanka nata ne, ba ta raba shi da kowa. Takan ɓalli ƙwaya daga ƙasan zangarniya, don ta ce na sama su ke riga nuna suna ruɗin mutum. Ta danna da farce. Ta juya gindin ƙwayar ta duba ko baƙin ɗigo ya fito a inda take manne. Sannan ta sa a haƙoran gaba ta ciza, ta karkata kai tana saurare. Ni kuwa, ɗan ƙasar da ruwa ke ɗaukewa da wuri, duk shekara sai na yi magana.

"Talatu, a garinmu war haka an gama sussuka, har an manta."

"Nan ba garinku ba ne, Malam. Sai ya yi kara a hakori. In bai yi kara ba, ba na taba shi."

"Ƙara. Haƙori."

"To na ji. Dauki buhu mu tafi gida."

In ta gama yanke hukunci kuma, ba a ƙara kwana. Ranar za ki ga Talatu ta saɓa dami a kafaɗa irin na mutanensu, ba a ka ba, tana gaba ina biye ina haki.

Shekarar da nake ba ku labari, ban daɗe da yin ritaya ba. Kun watse, Sa'adatu tana Kaduna gidan miji, Mansur yana Legas wurin aiki. Mu biyu muka rage a gidan. Tun tsakiyar damina ƙafafunta suka fara kumbura, tana ɓoyewa da dogon zane. Ta yi noman farko, ta yi maimai, duk a daddafe. Bayan ruwa ya ɗauke da kamar sati biyu, rannan ta je gona ta dawo, ta zauna a bakin ƙofa ta kasa tashi. Aka ce ƙoda ce. Aka ba ta gado. Yayarta Jummai, innarku, ta zo daga ƙauye ta zauna jinya. Ni ina zuwa da safe da kunu a fulas, in zauna a kan benci, in rasa abin faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da surutu a gaban allo, ga shi gaban matarsa ya zama kurma.

Ran kwana na biyar da safe ta farka idonta garau. Suka yi magana da Yaya Jummai da yarensu, doguwa, ni ina zaune ina kallon silin. Sannan ta juyo wajena ta kama hannun rigata. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Malam, ka je gona. Ka kare dawan nan."

"Yanzu? Ki bari ki samu sauƙi mana."

"Yau. Ka kare shi. Kar ka bari ya lalace."

Abin da ta faɗa ke nan, harafi da harafi, na rubuta muku shi yadda ya fito daga bakinta. Abin da na ji kuwa shi ne, ka ƙare dawar nan. Ka gama da ita, ka yanke, ka kai gida. Ko ɗar ban ji ba. Gabana dai ya faɗi, don na ce a raina, matar nan ta ji wani abu a jikinta, tana so ta ga dawarta a gida kafin ta tafi. Na ce to. Wallahi a zamanmu duka ban tuna ranar da ta ce in yi abu na ce to kai tsaye ba, sai na yi gardama, sai na kawo na garinmu. Ranar na ce yau dai ba musu. Na zame hannun rigata na fita da sauri, har ina jin daɗin kaina.

Na biya gida na ɗauki adda da wuƙa da igiya, na hau acaba zuwa Chanchaga. Dawa ta yi kyau ranar, kawuna sun sunkuyo, ɗigon jan ya fara fita, tsuntsaye suna ta shawagi. A ido ta nuna. Na ɓalli ƙwaya na ciza yadda na ga tana yi. Ba ƙara. Haƙorina ya nutse kawai, wani ɗan ƙullu ya fito mai zaƙi-zaƙi. Kada ku ce ban sani ba, na sani. Na tsaya da ƙwayar a baki ina tunani. Sai na ce, wa ya fi ta sanin dawarta? In ta ce yau, tana da dalili. Na tuɓe riga na rataye a reshen ɗorawa, wayar hannun da Mansur ya saya mini tana cikin aljihu, na yi bisimilla na kai sara na farko.

Wajen hantsi Tanko ya biyo ta hanya. Maƙwabcinmu ne na gona, tsoho, dattijo a cocinsu, tare suka taso da uwarku. Ya tsaya ya yi sallama.

"Malam, sannu da aiki. Lafiya kuwa? Wannan dawa ai da saura. Ka ba shi sati uku."

"Mai ita ce ta ce a ƙare ta."

"Talatu? Da bakinta?"

"Da bakinta. Ko in kawo maka a rubuce?"

Kun san halina in na hau. Tanko ya kaɗa kai, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya wuce. Da na sassauta murya na ce masa zo mu yi shawara, da watakila ba wannan babin nake rubutawa ba.

Kwana uku na yi ina aikin nan ni kaɗai. Ban nemi 'yan ƙwadago ba, don ba ta son baƙon hannu a dawarta, kuma ina so in ce mata da hannuna na yi. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, wanda bai saba riƙe abin da ya fi alli nauyi ba! In kayar da kara, in bi in yanke kawuna, in ɗaure. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Ba kowa a gangaren sai ni da kukan kurciya, wani lokaci in ji kamar takunta a bayana, in waiga, kara ne iska ke kaɗawa. Ina fita tun da asuba, sai rana ta yi ja nake isa asibiti. Ran farko na same ta tana barci, ban tashe ta ba. Na ce wa Yaya Jummai ina kan aikin, ta ce madalla. Rana ta biyu ma tana barci. Yaya Jummai ta biyo ni baranda.

"Da safe ta tashi. Ta tambaye ka har sau biyu."

"Ki ce mata saura kaɗan, Yaya."

Ashe da safe take farkawa, daga hantsi zuwa azahar tana gane mutane, tana magana, sannan barci ya ɗauke ta. Ni kuwa daidai lokacin nan ina can ina sara.

Rana ta uku bayan azahar na ɗaure damin ƙarshe. Na samo akori-kura ta kwaso mana zuwa gida. Sauri nake, ba lokacin shanya, ga kajin maƙwabta, sai na sa aka jibge komai a ɗakin Mansur na ja ƙofa na kulle. Na ce gobe na baza a rana. Na zaɓi zangarniya ɗaya mafi kyau na naɗe a jarida in kai mata. Sai a kan acaba na laluba aljihu na ciro waya. Kira goma sha ɗaya, duk na Sa'adatu. Ban ma san kin iso garin ba.

Sauran kun sani. Na shigo da jarida a hannu, na tarar an ja mata zane har ka. Sa'adatu, kin dube ni, kin dubi abin da ke hannuna. Kafin magariba mun kai ta makwancinta.

Zaman makoki ya ɗauke mini hankali. Mutane suna shiga suna fita, 'yan makarantarmu, dangin uwarku, matan unguwa. Dawa ko a mafarki ban tuna da ita ba. Sai ran sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, wani tsami-tsami ya fara fitowa daga ɗakin Mansur. Ke kika karɓi makulli kika buɗe. Zafi ya bugo mu. Kika tura hannu cikin tarin kika fizge da sauri, ciki ya ɗau ɗumi, kawunan sun manne da juna, fumfuna ta yi musu fari da baƙi. Kika ɓalli ƙwaya kika danna da farce, daidai yadda uwarki ke yi. Na tuna maganarmu kalma da kalma.

"Baba, wannan ai ɗanya aka yanka. Wa ya ce a yanke ta?"

"Uwarki."

"Mama ba za ta taɓa cewa a yanki dawa a wannan lokaci ba. Ko a gigin ciwo ba za ta faɗa ba."

"To ƙarya nake yi ke nan?"

"Ni ban ce ba, Baba."

Ba ki ce ba, amma kin sunkuyar da kai, kuma na ga abin da ke ranki. Yaya Jummai tana cikin gida a lokacin, tana haɗa kayanta. Taku goma ne tsakaninmu. Da na kira ta na ce Yaya zo ki faɗi abin da kika ji, da an warware a ranar. Amma girman kai ya ce mini, kai Malam, har sai ka kawo shaida a gaban 'yar cikinka? Na juya na shiga ɗakina. Washegari kowa ya kama hanya.

Ranin nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsa. Gidan da ba a taɓa rasa motsi ba ya yi tsit. In na dawo daga masallaci nakan yi sallama a bakin ƙofa, in tsaya, sannan in tuna. Turminta yana kife a inda ta bar shi. Matar maƙwabcinmu, Banufiya 'yar Bida, Allah ya saka mata, ita ke aiko mini da abinci, in ci loma uku in rufe. Kuna kira ranar Juma'a. Baba ya gida, lafiya, ya jiki, lafiya, to sai an jima. Minti ɗaya ba ya cika. Ina jin kewarku, ina jin haushinku, kuma ban iya faɗin ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe ni shi ne dawar. Na fitar da ita na baza a tsakar gida, mafi yawa ta riga ta mutu, ko kaji sai su tona su bari. Kullum da hantsi in ɗauko faifai da tabarau, in zauna ina tsince ƙwayoyin da suka yi kama da masu rai, ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu ina wannan aiki. Abin da na samu bai cika gwangwanin madara uku ba. Na ƙulla a tsumma na rataye a madafa, har wuta nake hurawa ba don girki ba, don dai hayaƙi ya taɓa shi. Ina ce wa kaina, na cika mata umarninta, in irin nan ya tsira to ban yi asarar komai ba sai abincin shekara.

Da damina ta zauna na je na yi shuka. Na jira kwana biyar, gonar Tanko ta yi shar, tawa ƙasa ce kawai. Kwana goma. Na bi rami-rami ina tonawa da yatsa, ƙwayoyin sun ruɓe sun zama baƙin ƙullu. A duk gonar tsiro bakwai na ƙirga, rawaya, siraran gaske. Na kewaye su da duwatsu, ina zuwa safe da yamma. Cikin sati biyu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

Na shiga Kasuwar Kure da 'yan ƙwayoyin da suka rage a aljihu, na bi layin masu hatsi rumfa-rumfa. Aka nuna mini kaura, aka nuna mini farafara, aka nuna mini wata gajera sabuwa da aka ce wata uku take yi. Wata tsohuwa ta juya ƙwayar a tafin hannunta ta ce rabonta da ganin irin wannan tun tana budurwa. Daga nan na hau mota zuwa ƙauyensu uwarku, wurin Yaya Jummai. Rabona da ita tun ran sadakar bakwai.

Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Muka gaisa, muka sake yi wa juna gaisuwar rashi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Yaya, irin dawar nan na Iyarku nake nema. Ko cikin hannu ɗaya ne."

"Babu, Malam. Mu duk mun koma masara. Wanda ya rike shi Talatu ne kadai. Na wurinka fa?"

"Bai tsira ba. Ɗanya na yanka."

Ta ajiye gyaɗar. Tsakanina da ita akwai kunya ta surukuta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

"Na ji an fada. Na so in tambaye ka tun lokacin, na ga ba kyau. Malam, me ya sa ka yanka?"

"Haba Yaya, ai a gabanki ta faɗa. Ta ce in ƙare ta."

"E, ta ce ka kare."

"To na ƙare mana."

Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba. Sai ta ɗaga hannuwanta biyu ta yi da'ira da su, yadda ake rungumar abu.

"Ba ta ce ka gama ba. Ta ce ka kare. Shinge ya fadi ta wajen rafi, awaki suna shiga. Ranar da ta je gona na karshe ta gani, ba ta da karfin gyarawa. Shi ne yake damunta. Ta fada mini da yarenmu kafin ta fada maka. Ta ce in an toshe wurin, dawa zai tsaya ya jira ta, ko ya jira ka. Da na ga kana kwana uku, na dauka gadin tsuntsu kake yi."

Kare. Ka tsare, ka kiyaye, ka sa shinge. Kalma ce da na koyar a aji ba sau ɗaya ba, har misali nake bayarwa da ita a allo, kare da ƙare, in ce wa yara ku lura, lanƙwasa ɗaya ce ta raba su. Matar nan ta faɗi kalmarta daidai, Hausa tsantsa, ba abin gyara a ciki. Ni na gyara ta. Sai kuma ɓarakar shingen ta faɗo mini a rai. Na gan ta! Ta nan nake fitar da dami kwana uku, har ina cewa Allah ya kawo sauƙi, ba sai na zagaya ta ƙofa ba. Har kashin awaki na gani a wurin na tsallake. Kuma duk bayanin yana cikin doguwar maganar da suka yi a gabana da safen nan, ina zaune ina kallon silin. Shekara talatin da shida tana fama da harshena, ni ko gaisuwa ban iya da nata ba.

Yaya Jummai ta ga yadda na koma, ta ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ban kwana ba, na juyo Minna a ranar. Sa'adatu, ke ce da gaskiya, uwarki ba ta ce a yanka ba. Ni ma ban yi miki ƙarya ba. Na ɗauki waya in kira ki ya fi a ƙirga, in ajiye. Da in ce muku malamin Hausa ne bai ji Hausa ba, sai na gwammace ku ci gaba da ɗaukata mai son dawa fiye da matarsa. Wannan wauta ce, kuma ta cinye mana shekarun da ba za su dawo ba. Ku yafe mini.

Washegarin dawowata daga ƙauye na yi sallar asuba, na ɗauki adda na tafi Chanchaga. Gonar ba komai a ciki sai ciyawa. Na gangara wajen rafi, ɓarakar tana nan, faɗinta bai fi taku huɗu ba. Na sari rassan ƙaya na jawo, na kafa turaku uku, na cusa ƙayar na ɗaure da igiya, na girgiza na ga ko ɗan akuya ba zai wuce ba. Tanko yana gonarsa yana kallon tsoho yana yi wa fili shinge, ya sunkuya ya ci gaba da nomansa, Allah ya yi masa albarka. Da na gama na share gumi na duba agogo. Ƙarfe tara da rabi na safe. Da a wancan lokacin ne, kafin goma ina bakin gadonta, idonta biyu, tana tambayar inda nake. Abin da ta roƙe ni ke nan, aikin awa biyu. Ni kuwa na ɗauki kwana uku na ba gona, kuma su ne kwana ukun da suka rage mata.